Daga Askar Wanzami Zuwa Hasken Leza: Tarihin Goge Tabo A Fuska

Mai karatu, in kai ma'abocin littattafan soyayya ne, ba sai na tuna maka yadda marubutanmu ke gabatar da tauraruwar labari ba. Tun a shafi na biyu ko na uku za a dakatar da komai a shiga zayyana ta: doguwa ce, fara ko wankan tarwaɗa, ga dara-daran idanu, ga gashi har gadon baya. In aka zo kan fata kuwa, sai a ce sumul take, luwai-luwai, ko ƙwarzane babu. To, ka taɓa cin karo da littafin da jarumar cikinsa ke da zanzana? Ko mai tsaga shida a wannan kunci, bakwai a wancan? In ma an sako mai tabo a fuska, duba da kyau, ko dai kishiya ce, ko uwar miji, ko boka. Finafinanmu ma a kan wannan turba suka taso.

Amma fa fuskar Bahaushe ba haka tarihi ya san ta ba. Ka kama hanyar Gwarzo daga birnin Kano, ka wuce sabuwar Jami'ar Bayero, ka ratsa Rimin Gado, ka shiga ƙasar Kabo, ka zarce har Gwarzo, tafiyar kusan kilomita 70. Ka tsaya a bakin tashar Kabo ko a kasuwar Getso, ka ƙare wa jama'a kallo. Zamani uku za ka gani a jere. Ga dattijo da tsagar gidansu raɗau, wani lokaci har da ramukan zanzana. Ga magidanci da ɗan bille guda, ko babu komai. Ga kuma 'yanmata waɗanda aska ba ta taɓa fuskarsu ba, amma wasunsu na ɗauke da wani sabon tabo: kumatu sun yi ja kamar an gasa, ƙarƙashin ido ya yi duhu, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin alhali hannun fari ne. Na farko wanzami ne ya yi shi, na biyu cuta, na uku kuwa da kuɗi aka saya, kuma an saye shi ne da niyyar gyara.

Bari mu fara da wanzami. A da, in an yi haihuwa, shi ake jira da zabirarsa. Ya yi wa jariri aski, ya cire belu, sannan ya yi tsaga, a shafa baƙin tukunya ko garin gawayi don zanen ya fito ya zauna. Tsaga iri-iri ce. Akwai ta gado, wadda ke nuna asali, kamar ta Gobirawa da ta Barebari. Akwai ta ado, irin su kalangu da 'yar baka, waɗanda mata ke yi don kwalliya. Akwai ta magani, kamar wadda ake yi wa ɗan wabi. A birnin Kano, tsagar uku-uku ita ce alamar bayin Sarki.

Kada ka ɗauka wasa ne ko rashin aikin yi. Ƙasar Gwarzo tana bakin iyakar Kano ta yamma, tana maƙwabtaka da ƙasar Katsina, kuma a ƙarni na 19 mayaƙan Maraɗi sun sha kawo hari ƙasashen Katsina da Kano. Ga kuma Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895. A irin wannan zamani, in aka kame yaro aka yi nisa da shi, fuskarsa ce kaɗai takardar da zai nuna. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, abin ya ba su sha'awa ƙwarai, har wani jami'insu, A.J.N. Tremearne, ya wallafa nazari a 1911 ɗauke da zane-zanen tsage-tsagen mutanen Nijeriya. Kai, ko jiya-jiyan nan, Janar Sani Abacha ya mulki ƙasar nan daga 1993 zuwa 1998 da tsagarsa a fuska, ba wanda ya ga abin mamaki.

Abubuwa da dama ne suka taru suka karya kasuwar tsaga: wa'azin malamai a kan sauya halitta, tsokanar 'yan makarantar boko, da tsoron cututtukan da aska ɗaya ke iya yaɗawa, musamman bayan ɓullar ƙanjamau a shekarun 1980. Daga baya Dokar 'Yancin Yara ta tarayya ta 2003 ta zo da sashe na 24, wanda ya haramta yi wa yaro tsaga ko zane a jiki. Sai dai kafin dokar ta iso, al'adar ta riga ta ja da baya da kanta.

Tabo na biyu ya fi ban tausayi. Yaran yanzu ba su san agana ba, sai dai su ji a bakin kakanni. Cuta ce da kan kashe kusan mutum 3 cikin kowane 10 da ta kama, wasu ta makantar da su, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira ta bar musu zanzana. Me ya sa ramukan suka fi yawa a fuska? Saboda a nan ne ƙananan jakunkunan da ke fitar da maiƙon fata suka fi yawa, kuma cutar na lalata su, sai wurin ya lotsa. A 1967 aka ƙaddamar da gagarumin shirin rigakafin agana da ƙyanda a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Ma'aikata suka bi ƙauye-ƙauye da wata bindigar allura da ake taka ta da ƙafa, ana jera mutane a ƙofar gidan dagaci ko a kasuwa ana yi musu lamba a damtse. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya. Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a shi ne Ali Maow Maalin, wani mai dafa abinci a asibitin garin Marka ta Somaliya, a watan Oktoba 1977, sannan a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta cewa an gama da cutar. Ka ga kenan, duk wanda ka gani yau a Kutama ko Lakwaya da zanzanar agana ta gaske, to ya ba shekara 50 baya da daɗewa. Nan da wasu shekaru, irin wannan fuska sai a hoto.

Masu kallon finafinan Indiya sun san irin fuskar. Marigayi Om Puri, wanda ya rasu a Janairun 2017, agana ce ta yi masa zanzana tun yana ƙarami. Da fuskar tasa a haka ya fito a finafinai barkatai, a Indiya da Ingila da Amurka. Amma tsakani da Allah, sau nawa ka ga an ba shi jarumtar soyayya, ana rawa da waƙa cikin furanni?

To, ina aka samo dabarar goge tabo? Tsohuwa ce. Takardun likitancin Misira ta dauri, na wajen shekara 3,500 da suka wuce, suna ɗauke da haɗin gyaran fuska, kuma kayan haɗin ba baƙi ba ne a wurinmu: zuma, gishiri, kanwa da garin wani farin dutse. Amma sana'ar irin ta asibiti a Jamus ta kafu. A 1882 likitan fata Paul Gerson Unna ya bayyana yadda wasu sinadarai masu ƙuna, ciki har da finol, ke sa fata ta saɓe. A 1905 wani Bajamushen, Ernst Kromayer, ya fara kankare tabo da wani ɗan ƙarfe mai juyawa. A Amurka kuwa, a shekarun 1920 da 1930, wasu mata marasa takardar likita ne suka riƙe sana'ar, suna ɓoye sirrin haɗinsu, kuma cikin masu zuwa wurinsu har da taurarin Holiwud. Ashe dai tun fil azal fim da gyaran fata tare suke tafiya.

A 1947 wani likitan fiɗa, Preston Iverson, ya yi amfani da samfefa, irin dai ta kafinta, ya goge baƙin da ya nutse a fuskar wanda ya yi haɗari. A 1953 Abner Kurtin na birnin Niyok ya fito da hanyar da ta yi suna: a fesa wa fata wani ruwa mai sanyi ta daskare, sannan a bi ta da buroshin waya mai juyawa da lantarki. A farkon shekarun 1960 likitoci biyu a Mayami, Thomas Baker da Howard Gordon, suka fito da haɗin finol mai ƙarfi a fili. Yana share tamoji ƙwarai, amma finol na ratsa fata ya shiga jini, yana iya rikita bugun zuciya, shi ya sa ake yin sa ana lura da zuciyar mutum kamar mai tiyata. Leza ta zo a 1960, a 1964 wani Ba'indiye mazaunin Amurka, Kumar Patel, ya ƙirƙiro nau'inta da daga baya aka fi amfani da shi wajen ƙone saman fata. A 2004 masu bincike a Bostan suka zo da dabarar da ake yayi yanzu: maimakon a ƙone fuska gaba ɗaya, sai hasken ya huda dubban ƙananan ramuka, ya bar lafiyayyar fata a tsakaninsu don warkewa ta yi sauri.

Ka lura da abu guda, mai karatu. Ko sinadari ne, ko buroshi, ko leza, duk aiki ɗaya suke yi: ji wa fata ciwo da gangan, don ta warke da sabuwa. Fata hawa biyu ce. Ta sama siririya ce, tana sabunta kanta cikin kamar mako huɗu. Ta ƙasa ita ce mai kauri, mai jijiyoyin jini da saiwar gashi. In an kankare ta sama, daga saiwoyin gashi da hanyoyin gumi sabuwa ke tsirowa ta rufe wurin. In hannu ya zarce aka ci ta ƙasa da yawa, to an samu sabon tabo, wanda sau da yawa ya fi na da muni. Gwanintar duka tana wajen sanin inda za a tsaya.

A nan ne kuma tamu matsalar take. Duk waɗannan dabaru a kan fatar Bature aka ƙirƙiro su, aka kuma gwada su. Ma'aunin da likitoci ke rarraba fata da shi, wanda Thomas Fitzpatrick na Jami'ar Harbad ya fitar a 1975, da farko na fararen fata ne kurum. Sai daga baya aka ƙara aji na biyar da na shida, inda mu muka faɗo. (Wani abin takaici, inda aka tuna da baƙar fata shi ne wajen gwaji. Albert Kligman, likitan da ya fito da maganin ƙurajen fuska mai suna Retin-A, ya shafe shekaru daga 1951 zuwa 1974 yana gwaje-gwaje a jikin fursunonin gidan yarin Holmesburg na Filadelfiya, galibinsu baƙaƙe. Sai a 2022 hukumar birnin ta nemi afuwa.) Baƙar fata tana da halinta. Ƙwayoyin da ke samar da launi a jikinmu masu saurin fushi ne: da zarar an ji wa wuri ciwo, sai su zubo da baƙi fiye da kima. Shi ya sa ƙurji ɗaya in ka matse shi yakan bar maka ɗigon baƙi na watanni. Sannan akwai tabon nan mai tudu, wanda ke kumbura ya wuce girman ciwon asali, irin wanda kake gani a kunnen wasu mata bayan huji, ko a ƙeyar maza bayan aski. Ya fi yawa a baƙar fata. Saboda haka kankarar da za ta gyara fuskar Baturiya tana iya mayar da ta Bahaushiya dabbare-dabbare.

Ba wai mu ba mu da namu gyaran ba ne. Iyayenmu mata sun san sabulun salo da soso, sun san man kaɗanya, sun san dutsen goge kaushi, sun san lalle da ake cuɗe amarya da shi. Daga Sudan, ta hanyar Barno da 'yan'uwanmu Shuwa, dilka da halawa suka shigo, har suka zama ba a bikin 'yar gata sai da su, a birni da ƙauye. Abin sha'awa, kimiyya ta zo ta tarar da wasunsu a hanya: a 1974 masu bincike biyu a Amurka, Eugene Van Scott da Ruey Yu, suka nuna amfanin wasu sinadarai masu tsami wajen saɓar da matacciyar fata, ɗaya irin wanda ke cikin nono mai tsami ne, ɗaya kuma ana samun sa a rake. A nawa ganin, babban abin yabo ga dilka shi ne ta san iyakarta. Matacciyar fatar sama take murjewa, ta bar jiki da santsi da ƙamshi na 'yan makonni. Ba ta cire tsaga, ba ta cike zanzana, kuma mai dilkar gaskiya ba ta taɓa cewa za ta yi ba.

Abin da ya canza lissafi shi ne hoto. Tun daga fitowar Turmin Danya a 1990, zuwa zamanin Sangaya da Wasila, fuskar 'yar wasa ta shiga kowane ɗaki, fostarta ta hau kowane bango, har a shagunan haya na kaset da ke Kabo da Gwarzo. Ga kuma tasirin Indiya, inda tun 1975 ake tallar man Fair & Lovely, wanda sai a 2020 kamfanin ya sauya masa suna zuwa Glow & Lovely bayan an yi masa ca. Kyamarar kaset ta wancan lokaci tana da rufin asiri, hoda kaɗan ta wadatar. Kyamarar yanzu kuwa ba ta da kara, ko ƙofar gashi sai ta nuna. Wayar hannu kuma ta zo da nata sihirin, ta goge wa yarinya fuska tas a hoto, sai ta koma madubi ta ga wata daban. Daga nan sai neman abin da zai sa madubi ya yarda da waya.

Me ke isowa gare ta? Na'urar leza da ƙwararren likita suna Abuja da Legas da Dubai da Alƙahira, kuɗinsu kuma sai wane da wane. Abin da ke biyo motar Gwarzo daga kasuwar Sabon Gari, ko a yi odarsa ta WhatsApp, shi ne kwalba: man bilicin, da haɗin da ake cewa na gargajiya ne alhali an tuttula masa magungunan asibiti, da man saɓa wanda ake shafawa kwana uku ko biyar fata ta riƙa ɗayewa kamar ta maciji. Wannan na ƙarshe, in ka duba, shi ne dai aikin su Unna da Baker, amma babu likita, babu awo, babu wanda ya san ƙarfin abin da ke cikin kwalbar. Ko a Amurka, a watan Yuli 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta gargaɗi jama'a da su daina sayen irin waɗannan sinadarai suna shafawa da kansu, saboda ƙunar da suke jawowa.

Abubuwa uku aka fi samu a man bilicin. Akwai haidirokwinon, wanda in an daɗe ana shafawa yake juyewa ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu, mai wuyar magani. Likitoci a Afirka ta Kudu ne suka bayyana wannan a 1975, ƙasar kuma ta hana sa shi a kayan kwalliya a 1990. Akwai sitiroyid, wanda ke sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore, nankarwa ta tsattsage cinya da damtse, ƙuraje da kyasbi su samu wurin zama. In aka zo tiyatar haihuwa kuma ɗinki ya yi wuyar kamawa. Akwai zaiba, wadda ke taɓa ƙoda, tana kuma iya isa ga ɗan da ke ciki. Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015, Ruwanda a 2018, a 2023 kuma NAFDAC ta bayyana lamarin a matsayin matsalar gaggawa ta lafiyar ƙasa.

Wataƙila ka sha jin ana cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna bilicin, ana jingina maganar ga Hukumar Lafiya ta Duniya. Gaskiya ne adadin ya fito a wata takardarta ta 2011, amma asalinsa bincike ne da aka wallafa a 2002 a kan wasu 'yan kasuwa a Legas. Don haka kada wani ya ɗauki wannan lissafi ya ɗora wa matan Durun ko Madadi. Matsalar dai tana nan, ido ma ya isa shaida, ba sai an yi mata ƙari ba.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce amarya. Saura mako uku biki, ƙawaye sun ce ga wata mai haɗi, kwana bakwai kin zama balarabiya. Makon farko fata ta ɗaye, sabuwa ta fito ja-ja, kowa na sambarka. Amma wannan sabuwar fata ɗanya ce, ba ta da kariya, ga ranar Kano, ga zafin murhu. Wata biyu bayan tarewa sai baƙi ya dawo ninki biyu, a goshi da kumatu. Sai a koma wa mai haɗi, ta ba da wanda ya fi ƙarfi. Haka za a yi ta yi, kuɗin adashe na tafiya, har ranar da za a dangana da asibiti.

In an je wurin likitan fata, misali a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, 'yar'uwa, kada ki zaci na'ura za a fara jawowa. Tambayoyi za a fara yi miki: me kike shafawa, tun yaushe, in kin ji ciwo yaya tabonki ke warkewa, akwai mai tabo mai tudu a gidanku? Sau da yawa matakin farko shi ne a raba ki da kwalbar, a hankali in akwai sitiroyid a ciki, don yankewa farat ɗaya na sa fuska ta yi bore. Sai a magance ƙurajen da ke haifar da tabon, a ba ki man kariya daga rana, a ce ki yi haƙurin watanni. In ma za a yi saɓar, mai sauƙi ake yi wa baƙar fata, a ɗan gwada a gefe tukuna, a maimaita sau da yawa da tazara a tsakani. Ɗigon baƙin da ƙurji ya bari yakan dushe. Ramin zanzana ko na manyan ƙuraje ana iya rage zurfinsa, amma ba ya cikewa sumul.

Ita kuwa tsagar wanzami, tun da aska ta kai har hawa na ƙasa, babu man da zai ɗauke ta, komai tsadarsa. Abin da likitan fiɗa kan yi shi ne ya yanke tsohon tabon ya ɗinke wurin da zare mai laushi, ya mayar da faffaɗan layi ya zama siriri, leza kuma ta rage baƙin gawayin da aka cusa tun ranar suna. Wanda ya matso kusa dai zai ga alamar inda aska ta bi.